Kafin ka ce "na yafe", ka san abin da kake yafewa

Shekara uku kenan da injin yankan leda ya cinye yatsu uku na hannun daman ɗan ƙanwar babata, a wata masana'anta nan Kano, yana aikin dare. Shekararsa 24 lokacin, ko wata shida bai yi da aure ba. Abin da na gani a asibiti washegari shi ya sa har yau maganar diyya ta ƙi fita daga raina. Manajan kamfanin ya zo da ambulan a hannu, yace an biya kuɗin aiki da na magani, ga kuma wannan a sayi lemo da ɗan abin da ba a rasa ba, sai ya zaro wata takarda da aka buga da Turanci yace a sa hannu don kawai masu kamfani su ga cewa saƙo ya iso. Kawunmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ko kallon takardar bai yi ba yace "Haba Alhaji, ai ba komai, tsautsayi ne kuma ba ya wuce ranarsa, mun yafe duniya da lahira." Aka dangwala wa yaron babban yatsan hagu tunda hannun daman yana naɗe cikin bandeji. Bayan wata huɗu akace masa aiki ya yi ƙasa, ya ɗan zauna a gida tukuna za a neme shi. Har yau ba a neme shi ba.

Ni ban ga laifin Kawu ba, abin da ya tashi ya ga manya suna yi kenan, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Mu Hausawa muna jin nauyin karɓar kuɗi a kan jini, ana ganin wanda ya nemi diyya kaman bai yarda da ƙaddara ba ne, ko kuma yana so ya ci kuɗin ciwo, har za ka ji ana cewa "kuɗin jini ba ya albarka". Amma fa abin da ke damuna shi ne yawancin masu cewa sun yafe ba su san girman abin da suke yafewa ba, ba su san daga aljihun wa kuɗin zai fito ba, kuma sau da yawa ma wanda ya buɗe baki ya yafe ɗin ba shi ne mai haƙƙin ba. Yatsun ba na Kawu ba ne. Wanda zai yi shekara arba'in ko hamsin yana neman abinci da hannu ɗaya da rabi yana kwance lokacin, allurar kashe zafi ko sakinsa ba ta gama yi ba.

Bari in fara da addini, tunda da shi ake rufe mana baki. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i kan kisan kuskure take magana, wato ainihin abin da muke kira tsautsayi, wanda ba a yi da gangan ba. Allah ya ɗora wa wanda ya yi kuskuren kaffara, 'yanta bawa, in babu azumin wata biyu a jere, sannan ga diyya da za a miƙa wa iyalan mamaci, sai dai in su suka ga dama suka bar ta sadaka. Ka ga kenan Wanda ya ƙaddara abin Shi ne kuma ya ce a biya. Ta ina neman diyya ya zama rashin tawakkali? Diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinare, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hanya mafi sauƙi da za ka gane nauyinta a kuɗin yau: nisabin zakka dinari 20 ne, toh duk lokacin da hukumomin zakka suka fitar da nisabi, ka ninka shi sau 50, abin da ya ba ka shi ne diyyar rai. Zinare ne da ya haura kilo huɗu.

Kuma shari'a ba ta tsaya a rai ba, ta bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. A wasiƙar da Manzon Allah (SAW) ya rubuta wa Amru bin Hazm, wadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, hannu ɗaya raƙuma 50, ƙafa ɗaya 50, ido ɗaya 50, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori 5, raunin da ya tone har ƙashi ya bayyana a kai shi ma 5, wanda ya isa ga ƙwaƙwalwa ko ya huda ciki sulusin diyya. Yatsu uku kenan raƙuma 30, in har ya tabbata kuskuren wani ne ya jawo. Wani abin sha'awa kuma, musulunci ya san cewa mutum ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan nauyin ba, shi ya sa a mazhabarmu ta Malikiyya in diyyar kuskure ta kai sulusi ko ta wuce, dangin wanda ya yi kuskuren ta wajen uba ne suke haɗa hannu su biya, su ake kira aƙila, kuma cikakkiyar diyya a shekara uku ake biyanta kashi-kashi. In ba ta kai sulusi ba sai ta fito daga dukiyarsa shi kaɗai. Ka riƙe wannan maganar ta aƙila, don kusan ita ce hikimar da inshora da asusun ma'aikata suke tafiya a kai, wato a raba nauyin tsautsayi a kan mutane da yawa yadda ba zai karya mutum ɗaya ba.

Sai babban wajen da muke zalunci ba mu sani ba. Diyyar mamaci gado ce, ana rabata kaman yadda ake raba gona da gida. Matarsa tana da tumuninta, uwarsa tana da sudusinta, 'ya'yansa suna da nasu. Baffa ko yayan mamaci da zai miƙe a zaman makoki ya ce "mun yafe", in ma yana cikin magada toh kasonsa kaɗai yake da ikon yafewa, in kuwa mamacin ya bar ɗa namiji baffan nan ko sisi ba shi da shi a ciki. Kason maraya kuma ba a kyauta da shi, waliyyinsa ma amana aka ba shi. Sau nawa muka ga an yafe a ƙofar gida maza na ta "Allah ya saka da alheri", ita kuwa matar tana cikin ɗaki tana takaba da yara biyar, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta, bayan shekara ɗaya babban ya bar makaranta ya koma tura baro a kasuwa.

Toh mu dawo ga dokar ƙasa, mu fara da irin abin da ya sami ɗan uwana. A watan Disambar 2010 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, kuma hukumar NSITF, mai riƙe da asusun da ake biyan ma'aikata diyya daga cikinsa, ita ce aka damƙa wa gudanar da ita. Yadda abin yake, duk mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko kamfani, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata cikin asusun, daga aljihunsa, doka ta hana a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci saboda wannan. In tsautsayi ya faru a bakin aiki, asusun ne zai biya, kuma ba sai ka tabbatar da cewa laifin kamfani ne ba, ya isa a ce a kan aiki ko ta dalilin aiki abin ya same ka. Wannan shi ne babban bambancinta da zuwa kotu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne faɗin kalmar "ma'aikaci" a wannan dokar. Ba sai mai takardar ɗaukar aiki ba, ko da baki aka yi yarjejeniya ka shiga. Ɗan wucin gadi da ake biya kullum ko duk sati ya shiga, mai koyon sana'a ya shiga, har 'yar aikin gida in dai ba 'yar gidan ba ce ta shiga. Sojoji ne kawai aka ware. Don haka wannan maganar da ake gaya wa yaranmu a masana'antu cewa "ai kai ba cikakken ma'aikaci ba ne, ba ka da komai", ba haka doka ta ce ba. Sannan ba sai cikin harabar kamfani ba, haɗarin da ya same ka a hanyarka ta zuwa aiki daga gida ko ta komawa, ko hanyar inda ka saba cin abinci, shi ma yana ciki. Cutar da aikin ya jawo a hankali, irin ciwon ƙirji na masu shaƙar ƙura ko sinadari, da kurumta saboda ƙarar inji, duk dokar ta ambace su.

Kuɗin kuma ba na sallama ba ne a ba ka sau ɗaya a ce sai wata rana. Wanda ya nakasa kwata-kwata har ba zai ƙara iya aiki ba, kashi 90 cikin 100 na albashinsa za a riƙa ba shi duk wata. Wanda nakasar ta taɓa wani sashe, kaman yatsu ko ido ɗaya, ana auna yawan abin da ya rage masa na iya neman kuɗi a biya shi daidai da haka. Ana biyan magani, ana iya yi masa ƙafa ko hannun roba. In rasuwa ce, matar da aka bari da yara biyu ko fiye tana samun kashi 90 na albashin mijin duk wata, mai yaro ɗaya kashi 85.

Amma akwai lokaci, kuma nan ne aka fi cin mu. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14, shi kuma mai aiki ya kai rahoto NSITF cikin kwana 7, sannan takardar neman diyyar a shigar da ita cikin shekara ɗaya, sai in akwai wani uzuri mai ƙarfi ne ake ɗagawa har zuwa shekara uku. Mu kuwa sai mu yi ta jiran alƙawarin manaja, yau ya yi tafiya gobe masu kamfani ba su zauna ba, har shekara ta zagayo. Ita kuma takardar nan da aka dangwala wa ɗan uwana yatsa a kai, daga baya da muka kai wa wani lauya ya karanta, ashe cewa take ya karɓi kuɗin a matsayin sallama ta ƙarshe kuma ba zai ƙara neman komai ba. Lauyan yace mana dokar 2010 ta faɗa ƙarara cewa duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai yi da mai gidansa ta barin haƙƙinsa na wannan diyya ɓatacciya ce, ba ta aiki. Da mun san haka a satin farko da labari ya sha bamban.

Gaskiya kuma a faɗe ta, kamfanoni da yawa musamman ƙanana ba su yi rajista da NSITF ba, wasu sun yi amma ba sa zuba kuɗin, wasu kuma rabin ma'aikatansu kawai suka rubuta. In ka faɗa hannun irin waɗannan za ka sha zirga-zirga. A nan kotun ma'aikata ta ƙasa take shigowa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin duk wata rigima ta aiki, tana da rassa a Kano da Kaduna da wasu jihohin. Sai dai ka sani ba a cin biyu, ko ka bi ta asusun ko ka kai ƙarar sakaci, don haka kafin ka zaɓa ka zauna da wanda ya san doka.

Yanzu titi, inda jininmu ya fi zuba. Duk wanda ya taɓa sabunta takardun mota ya san akwai wata takardar inshora a ciki, yawancinmu mun ɗauke ta ta nuna wa 'yan sanda ce kawai a shingen hanya. Tun 1945 doka ta wajabta wannan inshorar, kuma ba don mai motar aka yi ta ba, an yi ta ne don wanda motar za ta buge, mai tafiya a ƙasa, ɗan acaɓa, wanda ke cikin ɗaya motar, da fasinjan motar haya da ya biya kuɗinsa. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗinta na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, abin da za a biya na ɓarnar dukiya kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar dakon kaya tana biyan naira 100,000, adaidaita sahu 5,000, babur 3,000. Wancan miliyan ukun na dukiya ne fa, wato motarka ko shagonka da aka rusa, maganar rai da rauni lissafinta daban. A watan Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi a kanta a duk ƙasa, a watan Agusta na shekarar kuma shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta haɗe tsofaffin dokokin wuri ɗaya.

Ka duba yadda muke yi. Tirela ta take mutum, direba ya gudu ya ɓuya a ofishin 'yan sanda don kar a kashe shi, shugabannin ƙungiyar direbobi su zo gaisuwa da buhun shinkafa da ɗan kuɗi a ambulan, dangi su dubi direban su ga talaka ne ɗan uwansu mai 'ya'ya, tausayi ya kama su su ce a sake shi sun yafe. Tausayin nan abu ne mai kyau wallahi. Amma wa aka yafe wa a zahiri? In motar tana da inshora ta gaske, kamfanin inshorar da ya karɓi kuɗi don irin wannan ranar shi ya tsira da kuɗinsa. In direban yaron wani ne, doka tana ɗora alhakin sakacinsa a kan mai gidansa matuƙar a bakin aikin mai gidan yake, wato attajirin da ke da tireloli talatin shi aka sauke wa nauyi. Ana iya yafe wa direba, a roƙi a sassauta masa, a kuma nemi haƙƙin marayu a inda kuɗin yake. Abu biyu ne daban, mu ne muke cakuɗa su.

Matsalar dai ita ce takardun bogi sun yi yawa, irin waɗanda ake bugawa a gindin bishiya kusa da ofishin lasin. In ta bogi ce babu kamfanin da zai amsa, sai dai a bi mai motar kai tsaye. Ana iya dubawa a rumbun bayanan inshora na NIID da lambar mota, ta intanet, minti biyu ya isa, kuma ni ina ganin duk mai mota ya kamata ya duba tasa yau, don ranar da ka buge wani ita ce za ta tsaya maka. Masu ƙyamar inshora saboda addini kuma yanzu akwai kamfanonin takaful masu lasisi da ke yin irin wannan a tsarin musulunci.

Ita kotu me take nema? Abu uku ne a taƙaice: cewa wanda kake ƙara akwai nauyin kiyaye ka a kansa, cewa ya yi sakaci da wannan nauyin, kuma sakacin ne ya jawo maka cutar. Direba mai gudun wuce sa'a, mai gini da ya bar rami a buɗe ba alama, kamfanin da ya bar wayar wuta ta faɗo cikin unguwa an yi ta kai ƙorafi ba a zo ba, mai masana'antar da ya cire murfin kariya na inji don aiki ya yi sauri. In kai ma kana da naka laifin, misali ka bi hannun da ba naka ba da babur, ba a korar ƙararka gaba ɗaya, ana rage abin da za a ba ka ne gwargwadon kasonka na laifin. Mutane da yawa suna haƙura saboda an ce musu "ai kai ma da laifinka", alhali rabi ko sulusi na nan nasu.

Diyyar kotu iri biyu ce, kuma a nan rashin ajiye takarda yake kashe mu. Akwai asarar da ake ƙirgawa, kuɗin asibiti, magani, hoton ƙashi, gyaran babur, kuɗin da ka rasa na watannin da kake kwance, wannan sai ka kawo hujja ɗaya bayan ɗaya, alƙali ba ya ƙiyasta maka. Akwai kuma wadda ba ta da rasit, raɗaɗin da ka sha, nakasar da za ka rayu da ita, wannan alƙali ne yake aunawa da rahoton likita. Toh mu da an samu karaya sai a ɗauke mutum daga asibiti a kai shi ƙauye wajen mai ɗori. Ban raina masu ɗori ba, akwai waɗanda Allah ya ba su sa'a a hannu, amma mai ɗori ba ya ba da rasit, ba ya rubuta rahoto, ranar da ƙafar ta ruɓe aka dawo asibiti aka yanke, lauyan ɗaya ɓangaren cewa zai yi ba haɗarin ne ya yanke ƙafar ba, ɗorin ne. Ko za a je wajen mai ɗori, a fara zuwa asibiti a buɗe fayil, a ɗauki hoto, likita ya rubuta abin da ya gani. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. A kira hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a 122, a tabbata 'yan sanda sun auna wajen sun rubuta rahoto, wanda ke da waya ya ɗauki hoton lambar motar da yadda ta tsaya kafin a janye ta, a karɓi lambar mutum biyu da suka gani da idonsu. Wanda ke kwance cikin jini ba zai iya wannan ba, aikin 'yan uwa ne da abokan sana'a.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a ba su labarin muhimmancin hujja. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai 2011 aka fara biya, iyalai huɗu na farko kowanne dala 175,000, bayan gwajin DNA ya tabbatar da cewa 'ya'yansu ne. Shekara 15, kuma a ƙarshe abin da ya raba wanda ya samu da wanda bai samu ba shi ne wa zai iya tabbatarwa.

In gwamnati ce ko ma'aikacinta ya jawo maka, toh ka ƙara sauri. Akwai tsohuwar doka ta kare jami'an gwamnati da ta ce ƙarar da za a kai su kan abin da suka yi a bakin aiki a shigar da ita cikin wata uku. Wata uku kacal, lokacin ma wani bai fara taka ƙafarsa ba, wata ko takaba ba ta fita ba. Ni a ganina wannan dokar ta tsufa kuma talaka take cuta, ya kamata 'yan majalisarmu su taɓa ta. Sauran ƙararraki ma suna da wa'adi na 'yan shekaru, kowace jiha da dokarta, in ya wuce ko gaskiyarka ta kai hasken rana kotu ba za ta saurare ka ba. Sannan mu daina ruɗa tallafi da diyya. Da jirgi marar matuƙi na soja ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi a Kaduna, ranar 3 ga Disambar 2023, aka rasa mutum aƙalla 85, sojoji sun amsa cewa kuskure ne, manya suka yi ta zuwa jaje da gudummawa, malamai da dama kuma suka tsaya a kan cewa diyya ake bin gwamnati. Suna da gaskiya. Gudummawa alheri ce, mai bayarwa shi ke yanke nawa zai bayar kuma a yi masa godiya. Diyya bashi ce, tana da lissafi, tana da masu ita da sunayensu.

Na san abin da mai karatu zai ce, wa ke da kuɗin lauya, kuma shari'a a ƙasar nan sai ta ci shekaru. Haka ne, ba zan ce ƙarya ba ne. Amma akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa mai ofis a jihohi, kuma dokarta ta 2011 ta sa ƙarar diyyar haɗari da ta ma'aikata cikin abin da take yi wa marasa hali kyauta. Akwai lauyoyin da ke karɓar irin wannan aiki a kan sai an ci a ba su kaso, sai dai a rubuta kason tun farko. In an gurfanar da direba a kotun laifi, alƙali yana da ikon ya haɗa masa da biyan diyya ga wanda aka cuta, sashe na 78 na kundin Penal Code da muke amfani da shi a Arewa ya ba da wannan damar. A jihohin da suka dawo da shari'ar musulunci tun daga Zamfara a 2000 kuma, kotunan shari'a suna sauraron maganar diyya tsakanin musulmi. Kuma mafi yawan irin waɗannan maganganun ba sa ma kaiwa ga hukunci, wasiƙa ɗaya daga lauya zuwa kamfani ko kamfanin inshora takan sa a kira ka a zauna.

Sulhu alheri ne, ni ma shi na fi so, ko a gaban mai unguwa ne ko Hisba ko limamin unguwa. Abin da nake roƙo kawai shi ne kar a yi shi a kan gadon asibiti ko a tabarmar makoki, a bari likita ya faɗi inda raunin zai tsaya, don karayar da aka ɗauka ta wata biyu ce tana iya zama gurguntar har abada. A kira mai haƙƙin da kansa, in mace ce a shiga a tambaye ta, a gaya mata adadin da shari'a ta ba ta da wanda doka ta ba ta, a lissafa kason yara a ware shi gefe. A rubuta abin da aka amince da Hausa ko a fassara wa kowa, da shaidu, da ranar biya. Bayan nan in mutum ya dubi raƙuma talatin ɗinsa yace ya bar wa Allah, wannan sadaka ce ta gaske kuma ladansa na wajen Allah.

Shi ɗan uwan nawa, lokacin da muka farga shekara ɗaya ta riga ta wuce da wata biyar, kuma da aka bincika sunansa ba ya cikin waɗanda kamfanin ya yi wa rajista. Lauyan ya rubuta musu wasiƙa, aka yi zama uku, suka ƙara masa wani abu da bai kai albashinsa na shekara ɗaya ba, ya karɓa don matarsa ta kusa haihuwa kuma kuɗin haya ya taso. Da shi ya sayi firiza yake sayar da ƙanƙara da ruwan leda a bakin titi. Ranar da na kai masa ziyara na tarar yana koya wa kansa ɗaure bakin leda da hannun hagu, yace min "Yaya, injin nan fa har yanzu ba su mayar masa da murfin ba, yaron da aka sa a wajena ɗan unguwarmu ne."